Fitilar Santsi da Shaidun Ƙafafun Mota



Ranar wata Alhamis a daminar da ta wuce na shiga wata ƙaramar mota ƙirar Toyota daga Ƙaura Namoda zan tafi kasuwar Shinkafi, aka ba ni kujerar gaba saboda furfura, kuma tun ba mu kai Moriki ba idona ya faɗa a kan wani ɗan baƙin salatif da aka liƙa a gilashin allon da ke bayan sitiyari, wanda wani haske ruwan ɗorawa yake ta leƙowa ta gefensa. Na dubi direban, yaro ne mai ladabi da natsuwa, na ce, "Ɗana, me aka rufe a nan?" Ya ce, "Baba, wata wuta ta mai damuna da dare. Na kai ma bakanike, yac ce ba komi ba ta, sai munka liƙe ta." A lokacin an yi ruwa da asuba, kwalta tana ta sheƙi, mu shida ne a ciki ban da buhuna a bayan mota, shi kuwa yana gudu irin gudun da kowa ya san dalilinsa a wannan hanya tamu a shekarun nan, inda saboda rashin tsaro babu mai son ya daɗe tsakanin gari da gari. Tun daga ranar maganar wannan fitila take cikin raina, domin na tabbata ba motarsa kaɗai aka yi wa haka ba.

Fitilar da nake nufi ita ce wadda aka zana hoton 'yar mota a cikinta da layuka biyu karkatattu a ƙarƙashi, kamar sawun tayar da ta zame. A motocin Toyota takan zo da haruffan TRAC ko VSC, a Honda TCS ko VSA, a motocin Jamus irin su Mercedes da Volkswagen ASR ko ESP. Sunaye ne barkatai, amma aikin kusan ɗaya ne, watau hana taya sulɓi sa'ad da direba ya ba da wuta, da hana mota juyewa da mutane a kwana. Mu dai mu kira ta fitilar santsi. Asalin wannan hikima daga birki ne, domin a 1978 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da na'urar ABS a manyan motocin Mercedes, wadda take hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi; da masana suka ga cewa na'urar da ta iya gane tayar da ta tsaya cik za ta iya gane wadda ta zarce 'yan'uwanta gudu, sai suka ɗora wannan a kan wancan, har Toyota ta sa tata a motar Crown a 1987, sa'an nan a 1995 aka ƙara mai tsare mota daga juyewa. Amurka ta wajabta ta a kan ƙananan motoci daga ƙirar 2012, ƙasashen Tarayyar Turai kuma a kan kowace sabuwar mota daga Nuwamban 2014. Mu kuwa tun da motocin da suka ajiye su ne suke iso mana, ta Legas ko ta Kwatano, sai ga na'urar ta zo Zurmi da Shinkafi, amma ilminta bai biyo ta ba. Jirgin ƙasa da ya iso Ƙaura Namoda a 1929 ya zo tare da masu gyaransa da ƙa'idojinsa. Mota ta zamani kuwa ita kaɗai take zuwa, ko littafinta ba a cika samu a cikin aljihunta ba.

Wajibi ne a fara sanin yadda abin yake aiki, domin wanda bai san lafiya ba ba zai gane cuta ba. Duk girman mota da nauyin lodinta, wurin da kowace taya take taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma a kan waɗannan tafuka huɗu ne tafiya da tsayawa da karya kwana suka dogara. Sa'an nan an ƙera mota ta yadda ƙarfin inji yakan gudu zuwa ga tayar da ta fi samun sauƙin juyawa, shi ya sa za ka ga mota ta kafe a taɓo, taya ɗaya tana ta wulwulawa tana watsa laka, 'yar'uwarta da ke kan ƙasa mai ƙarfi kuwa tana tsaye ba ta motsi. Don maganin wannan aka sa wata 'yar na'ura a jikin kowace ƙafa, wadda makanikai suke kira sansa, tana fuskantar wani zobe mai haƙora ko mai maganaɗisu da ke juyawa tare da taya, tana ƙidaya wucewarsa, tana aika labari ta waya zuwa ga ƙwaƙwalwar birki. Ni dai a koyaushe nakan kwatanta wannan ƙwaƙwalwa da alƙali, sansoshin nan kuma da shaidu. Alƙalin ba ya ganin hanya, bai san ruwa ba bai san yashi ba, abin da shaidu suka faɗa masa kaɗai ya sani. In uku suka ce gudunmu kaza ne, na huɗu ya ce nawa ya ninka haka, sai ya hukunta cewa wannan ƙafa tana sulɓi, nan take ya matsa mata birki ita kaɗai, ya kuma umarci inji ya rage wuta, ƙarfi ya koma ga ƙafar da ta kama ƙasa, duk wannan kuwa kafin direba ya ƙifta ido. Amma in wani daga cikin shaidun ya yi shiru, ko ya riƙa faɗin abin da hankali ba zai ɗauka ba, to alƙalin nan mai tsantseni ne, ba ya yanke hukunci a kan shubuha. Sai ya dakatar da shari'a ɗungum, ya kunna fitila don ya sanar da direba cewa daga yanzu ya tsame hannunsa.

Daga nan za a gane bambancin da yawancin direbobinmu ba su kula da shi ba, tsakanin fitila mai ƙiftawa da fitila mai tsayawa. In kana tafe a kan kwaltar da ruwan farko ya jiƙa, wadda ƙura da tsiyayar baƙin mai suka mayar kamar an shafa mata karkashi, ka ga fitilar ta yi ƙifce-ƙifce, ka ji mota ta ɗan noƙe ko da kana taka totur, har ka ji wata 'yar ƙara daga gaba, to wannan ba lalacewa ba ce, aiki ne take yi, kuma abin da take nema a gare ka shi ne ka sassauta ƙafa. In kuwa ta kunnu ta zauna daram, to ɗayan biyu ne: ko an kashe na'urar da hannu, ko akwai illa. Saboda haka bincike na farko, wanda ba ya cin ko kwabo, shi ne a nemi maɓallinta, wanda galibi yake ƙasa da sitiyari wajen gwiwar direba ko kusa da giya, domin sau da yawa gwiwa ce ta danna shi, ko yaron da ya wanke mota. A danna, a kashe inji, a jira kaɗan, a sake tayarwa. Akwai kuma wata jarrabawa da nake roƙon duk mai niyyar sayen mota 'yar Kwatano ya riƙe: in an murɗa makulli, kafin inji ya tashi, dole fitilun gargaɗi duka su kama na ɗan lokaci sa'an nan su mutu. In ka ga fitilar ABS ko ta santsi ba ta leƙo ba sam, kada ka yi murna, domin alama ce mai ƙarfi cewa wani ya riga ya cire ta ko ya rufe ta daga ciki don ya ɓoye aibi, wannan kuwa algus ne, daidai da na mai zuba tsakuwa a ƙasan buhun gero.

Bayan maɓalli sai batir, kuma ina ganin a ƙasarmu mai zafi shi ne ya fi cancanta a fara tuhuma. Batir mai lafiya, in mota tana kashe ta huta, mita zai nuna kimanin bolt 12.6, in inji yana aiki kuwa tsakanin 13.5 da 14.5. In wuta ta yi ƙasa, musamman a lokacin tayarwa, ƙwaƙwalwar birki takan rikice ta kunna fitilu biyu ko uku a tare, mai mota ya firgita ya zaci babbar musiba ce, alhali kan batir ne ya saki ko ya yi farin gishiri, ko kuwa wayar da ta haɗa batir da jikin mota ce ta yi tsatsa. A nan ba zan iya wucewa ba sai na yi magana a kan wata al'ada da muka gada daga zamanin Peugeot 504, watau zare kan batir inji yana aiki don a ga ko caja tana ba da wuta. A wancan zamani na'urorin da za su ƙone ba su da yawa. A motar yau kuwa wannan ganganci ne, domin wutar takan yi tsalle ta shiga na'urori masu tsada. Haka nan mai walda da zai ɗora wuta a jikin mota ba tare da an cire batir ba, da mai ba da wuta daga wata mota ya juya wayoyi. A duba fiyus ɗin ABS kuma, in ya ƙone a sa mai lamba irin tasa, kada a naɗa masa zaren waya.

Sai man birki. In takalman birki suka cinye, man yakan sauka a cikin ɗan tulunsa, wani lokaci har ya jawo fitila. Amma a nan akwai iyaka wadda ba a ƙetarewa: fitila ruwan ɗorawa ita kaɗai tana nufin birkinka na yau da kullum yana nan, taimakon na'ura ne ka rasa, kana iya lallaɓawa a hankali zuwa gareji, in kuwa jar fitilar birki ta kama tare da ita, alhali birkin hannu yana sake, to kada a ɗauki fasinja, kada ma a fita gari, sai an gano inda man yake tafiya. Akwai kuma wani ɗan makunni a saman abin taka birki, wanda yake kunna jajayen fitilun baya, shi ne kuma yake gaya wa ƙwaƙwalwa cewa direba ya taka. Kuɗinsa kaɗan ne, gwajinsa kuma a tsayar da yaro a baya ne a taka a ga ko fitilu sun kama.

Yanzu mu zo ga taya, inda nake ganin laifinmu ya fi yawa, ko da yake na san tsadar rayuwa ce take tura mutane. Mutum ya yi faci a hanyar Dauran, ya ƙarasa Zurmi da kyar, ya sayi tsohuwar tayar da ya samu muddin ta shiga ƙarfen ƙafa, bai dubi lambar da ke jikinta ba. Alhali kuwa taya mai lamba 195/65 R15 da mai lamba 205/65 R15, ko da yake duka suna hawa ƙarfe ɗaya, tsayinsu ya bambanta da milimita 13, watau a duk juyi ɗari da babbar ta yi, ƙaramar ta yi kimanin ɗari da biyu. Wannan ɗan saɓani wata motar takan haƙura da shi, amma in aka ƙara da cewa ƙaramar ta suɗe kuma iskarta ta ragu, ga lodi ya danne ta, sai shaidarta ta riƙa saɓa wa ta sauran a koyaushe, alƙali kuma ya zaci sulɓi ake yi, ya riƙa kama birki da rage wuta a kan busasshiyar hanya, ko ya gaji ya kunna fitila. Na ga wanda aka sauke wa giya saboda mota tana noƙewa, alhali illar tana ga taya. A tabbata tayu biyu na gaba iri ɗaya ne, na baya ma haka, mafi kyau duka huɗun; a sa mai faci ya auna iska da ma'auni gwargwadon abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ba da bugun ƙafa ba. A kuma karanta lambobi huɗu da ke gefen taya, waɗanda biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, alal misali 2319 tana nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayar da ta tsufa robarta takan ƙeƙashe, ko da zanenta yana nan, kuma babu na'urar da za ta ƙirƙiro riƙo inda roba ta ƙi kama ƙasa.

In duk waɗannan sun kuɓuta daga tuhuma, sai a durƙusa a leƙa ƙafafun kansu, kuma a nan ne mafi yawan cutar take. Sansa da wayarta suna zaune ne a wuri mafi wahala a jikin mota, inda laka da ruwa da tsakuwa da kututturen kara suke dukansu dare da rana, kuma wayar dole ta riƙa lanƙwasa a duk lokacin da taya ta faɗa rami ko sitiyari ya juya. Wanda yake bin hanyoyin burji na ƙauyukan da ke gefen Gagare da Bunsuru ya san abin da nake faɗi. A ɗaga mota, a cire taya, a bi wayar da yatsu tun daga ƙafa har inda ta shige jiki, ana neman inda ta goge, ko ta tsinke daga ciki fatarta tana nan lafiya, ko aka manta ba a mayar da ita cikin maƙalinta ba bayan an canja shokoba. A buɗe soket a ga ko ruwa ya shiga ya yi kore, abin da yake yawan faruwa ga masu wanke mota a bakin gulbi ko da ruwan matsi. Kada kuma a manta da ɓera, musamman a motocin da suke dakon hatsi suna kwana kusa da rumbu. Direban nan da na ba ku labarinsa, da na sake haɗuwa da shi a tasha bayan makonni, ya gaya mini cewa da aka bincika sai aka tarar wayar ƙafar baya ta hagu ce ta tsinke, kuma kuɗin gyaran bai kai abin da yake samu a sawu ɗaya ba, bayan ya yi kusan shekara yana ɗaukar rayuka babu ABS babu mai tsare santsi.

Ita kanta sansa, tsohuwar ƙira maganaɗisu ce, takan tara garin ƙarfe a bakinta har ganinta ya dushe, kuma sau da yawa gogewa da tsumma kaɗai take bukata. A zare ta da lallashi, domin in ta yi tsatsa a raminta takan karye. Amma abin da ya fi ba ni takaici shi ne illar da gyara yake haifarwa. A motoci da yawa na yanzu zoben maganaɗisun yana jikin boris ne, a fuska ɗaya kaɗai. In bakanike ya buga sabon boris ya juya fuskar, ko ya sayo wanda ba shi da zoben sam saboda ya fi araha, to mota za ta fita gareji da fitilar da ba ta shigo da ita ba. Haka nan in aka canja kan shaf aka sa wanda adadin haƙoran zobensa ya saɓa wa na asali, ko wanda ba shi da haƙora. Boris da ya yi sako-sako ma yakan sa tazarar da ke tsakanin sansa da zobe ta riƙa canjawa, sai ka ji birki yana kakkarwa a ƙarƙashin ƙafarka sa'ad da kake dab da tsayawa a hankali. Don haka tambaya mafi amfani da mai gyara zai yi wa mai mota ita ce, "Alhaji, wane aiki aka yi mata na ƙarshe kafin wutar nan ta kama?" Amsar wannan tambaya takan rage rabin wahala.

Akwai wata mas'ala da ta keɓanta da Toyota da Lexus, waɗanda su ne suka fi yawa a hannun mutanenmu, kuma rashin saninta ya cinye dukiya mai yawa. A motocin nan, in fitilar inji ta kama saboda kowane dalili, sai ƙwaƙwalwar birki ta ce tun da abokin aikina ba shi da lafiya, ni ma ba zan iya ba shi umarni ba, sai fitilun VSC da TRAC OFF su kama tare da ita. Mai mota ya ga fitilu uku ya nufi wajen mai birki, a yi ta canja sansa ɗaya bayan ɗaya, alhali ƙafafu lafiyarsu lau. Illar tana iya zama fulogi ko koyil da ya mutu inji yana tsallake, ko gurɓataccen man da aka saya a galan a bakin hanya, ko murfin tanki da bai rufu sosai ba, ko kuwa, abin da ya zama ruwan dare, an fasa salansa an kwashe abin nan mai tace hayaƙi da ake kira indomi an sayar. Ƙa'idar ita ce, in fitilar inji tana cikin waɗanda suka kama, a fara da inji, sauran za su mutu da kansu in ya warke.

Wannan ya kawo mu ga sa mota a kwamfuta, wanda wasu suke gani kamar almubazzaranci, wasu kuma suke ɗauka kamar duba. Ba ko ɗaya ba ne. Tun 1996 kowace ƙaramar motar da aka sayar a Amurka tana da wani soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura ta karanto abin da alƙali ya rubuta a kundinsa. Sai dai a sani cewa ƙananan na'urori masu araha lambobin inji kaɗai suke karantawa, waɗanda suke farawa da harafin P, alhali na birki da ƙafa da harafin C suke farawa, don haka mai irin wannan na'ura yana iya ce maka babu komai, kuma iyakar gaskiyarsa ke nan. A Toyota, lambar C0200 tana nuna ƙafar gaba ta dama, C0205 ta gaba ta hagu, C0210 ta baya ta dama, C0215 ta baya ta hagu. C1241 tana nuna matsalar wutar batir, C1201 kuwa ita ce mai cewa a koma a tambayi inji. Amma lamba ishara ce zuwa ga unguwar da ɓarna take, ba ta kama ɓarawo ba: C0200 ba ta ce sansa ta mutu ba, cewa ta yi labari daga wannan ƙafa ba ya zuwa daidai, ko daga waya ne, ko soket, ko zobe. Gwani shi ne wanda zai zauna a gefen direba da na'urar a hannu, a ja mota a hankali, yana kallon gudun ƙafafu huɗu a jere, har ya ga wadda take nuna sifiri ko take tsalle-tsalle. Ku kuma masu mota, ku nemi a rubuta muku lambar a takarda kafin a goge ta, kuma ku sani gogewa ba magani ba ce, fitila za ta dawo tun ba ku kai Birnin Tsaba ba.

Sitiyari ma yana da tasa sansar mai faɗin inda direba ya nufa, akwai kuma wata a tsakiyar mota mai jin karkata da juyawa. In an yi alaimen aka bar sitiyari a karkace, ko aka taɓa kayan ƙafa, sau da yawa sai an tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri an sake koya wa ƙwaƙwalwa inda tsakiya take, wanda a Toyota lambobin C1210 da C1336 suke nema. Famfon ABS da ƙwaƙwalwarsa kuwa, waɗanda su ake fara ambata wa mai mota saboda su ne masu tsada, haƙƙinsu su zo a ƙarshen tuhuma, bayan an wanke kowa.

Ba na faɗin wannan don in ci mutuncin makanikanmu, mutanen da suke kwanciya a ƙasa cikin rana suna tayar da motocin da masu ƙera su suka daɗe da yanke musu ƙauna. Hannunsu ya ƙware, kunnensu ya san kukan inji, abin da suka rasa shi ne wanda zai buɗe musu wannan sabon babi cikin harshensu. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a nan Ƙaura Namoda tun 1983, ga ƙungiyoyin makanikai da na direbobi a kowace tasha. Ina fata da roƙo a haɗa kai a shirya wa masu gareji da 'yan rewaya bita da Hausa, ko da ta 'yan kwanaki ce, a kuma yi karo-karo a sayi na'ura mai karanta birki ko da guda ɗaya ce a kowane gari, domin kada ƙaramar waya ta sa mutum ya kwashi mota har Gusau.

Saura abu ɗaya, wanda ya shafe mu fiye da mutanen da aka ƙera motocin dominsu, shi ne lokacin da ya halatta, har ma ya kyautu, direba ya kashe na'urar da hannunsa. An gina ta ne a kan zaton kwalta da ruwa da ƙanƙara. A cikin yashi mai zurfi kuwa, irin na mashigin rafi da rani, ko taɓon fadama a watan Agusta, mota tana bukatar tayu su ɗan wulwula kuma inji ya riƙe ƙarfinsa don ta yi ta turawa gaba. Alƙali kuwa da ya ga sulɓi sai ya rage wuta a daidai lokacin da ake neman ta, mota ta lafa a tsakiyar yashi ta zauna. Da yawa sukan zaci inji ne ya gaza. A da, kafewa a mashigi ɓata lokaci ne kawai, a kira samarin ƙauye su tura a yi musu alheri. Yau kuwa, a dajin da ke tsakanin Zurmi da Gurbin Ɓore ko a kan hanyar Shinkafi, kowa ya san abin da tsayuwar rabin sa'a take iya jawowa, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina ta rashin tsaro. Saboda haka kafin ka shiga yashi, tun kana kan ƙasa mai ƙarfi, ka danna maɓallin. A yawancin motocin Toyota danna ɗaya yana kashe mai hana sulɓi kaɗai, wanda galibi ya wadatar. In ka riƙe shi kimanin daƙiƙa uku mota tana tsaye, sai ya kashe har da mai tsare juyewa. Ka shiga da giya ta ƙasa, da wuta madaidaiciya wadda ba ta yankewa, kada ka tsaya a tsakiya, kada ka riƙa murza sitiyari ba dalili. In ta kafe duk da haka, kada ka yi ta ba da wuta tana haƙa wa kanta rami. A sauke fasinja, a tone gaban tayu, a shimfiɗa kara ko reshe, a riƙa yin gaba kaɗan baya kaɗan har ta samu abin takawa. Da zarar kuwa ka hau kwalta, ka sake danna maɓallin, ka dubi allo da idonka ka tabbata fitilar ta mutu, sa'an nan ka ƙara wuta.